Farin Sa da Sharar Jirgi

Ranar da Baƙin ya faɗi, Garba bai tsaya salallami ba, wuƙa ya nema. Ya samu ya yanka shi kafin rai ya fita, sannan ya aika aka kira Auta mahauci.

San huɗa ne, shekara shida yana jan garma tare da ɗan'uwansa Farin. Garba bai taɓa raɗa musu wani suna ba. Wannan baƙi ne, wancan fari ne, shi ke nan. Sati uku Baƙin ya yi yana ramewa alhali cikinsa sai ƙara kumbura yake. An ba shi kanwa, an ba shi jiƙon maɗaci, malamin dabbobi ya zo daga Kaugama ya yi masa allura har biyu, duk a banza.

Da Auta ya farke tumbin sai ya ja da baya yana toshe hanci.

"Garba, matso ka ga abin da sanka yake ci."

Abin da ya ciro ya fi tulu girma. Leda ce ta nannaɗe, ta murɗe, ta yi tauri. Baƙar leda, ledar fiya wata, ledar biskit mai ƙyalli, har da famfas na jarirai.

Garba ya tsokani famfas ɗin da tsinke. "A garin nan wa ke sa wa ɗansa wannan?"

"Babu," in ji Auta. Ya ɗaga wuƙarsa ya nuna layin dogo. "Kai ma ka san inda ya fito."

Kwarin Baushe ƙauye ne a bakin fadama. Duk shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ruwa na cinye makiyaya kaf, ba ya barin komai sai tudun da aka shimfiɗa layin dogo a kai. Nan ne kaɗai busasshen wuri mai ciyawa. Don haka da ruwa ya taso mai unguwa ke raba gefen tudun gida-gida, ana yin iyaka da tsofaffin turakun waya, daga wannan turke zuwa wancan na gidan wane ne. Ba mai ɗaure dabba a rabon wani, in ba rigima yake nema ba. Bana rabon Garba ya faɗo daidai kwalbati, inda jirgi ke rage gudu har mai tafiya a ƙasa ya iya jerawa da shi, saboda ruwa ya jiƙa ƙasar wurin.

Da can ma fasinja na jefo leda ta taga, ɗaya nan ɗaya can, tun daga Kano har Nguru. Ba daɗi, amma ba ta taɓa kashe wa kowa sa ba. Bana aka ce an zo da gyara. An ba wani ɗan kwangila aikin tsabtace taragai, an jera kwandunan shara, an hana jefa komai ta taga, har a rediyo an yi ta yabo. Tun daga lokacin, duk Talata da Juma'a in jirgin Kano ya iso kwalbati, sai ka ji kwaram, shara ta zubo tuli guda a kan ciyawar Garba. Ledar da aka ci gurasa da yaji, ledar awara, ledar soyayyen kifi, kowace da gishiri da mai a jikinta. Sa kuwa in ya ji gishiri ba ya tambayar a me aka ƙunso shi.

Garba ya yi tsintar duniya. Yana tsintar nan iska na watsa can, wata ta maƙale a ciyawa, wata ta faɗa ruwa ta dawo gaɓa bayan kwana biyu. Akuyar maƙwabcinsa ma ta mutu, amma da ya ce su haɗu su yi magana sai kowa ya ce sai haƙuri, jirgin hukuma ne. Kalmar nan ta haƙuri ita ta fi ƙona masa rai fiye da warin tumbin.

Ya ƙulle dunƙulen ledar a buhu, ya bi gefen layi a ƙafa har babbar tasha, inda mutanen Haɗeja ke sauka. Shugaban tashar, Malam Filibus, dattijo ne mutumin Kagoro, ya fi shekara ashirin a wurin, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Garba ya juye masa buhun a bakin ofis.

"Masta, ka ga wannan?"

"Na ji labari, Malam Garba. Allah ya mayar da alheri."

"Ba ta'aziyya na zo karɓa ba. Saura ɗaya nake da shi. In wannan ya bi ɗan'uwansa, da me zan yi huɗar alkama in ruwa ya janye? Da haƙorana?"

Filibus ya cire tabarau ya goge. "Shara ba a hannuna take ba, tana hannun ɗan kwangila. Ni nawa tuta ne da tikiti. Sau biyu ina rubuta musu."

"Suka ce me?"

"Suka turo mini hoton tarago fes, wai in duba da kyau in gaya musu ina dattin yake."

Garba ya dawo gida ya saƙa takunkumi da kaba, ya ɗaura wa Farin a baki. Daga ranar jirgi har ya gama tsinta, wani lokaci kwana biyu, Farin ba ya cin komai sai ɗan abin da aka yanko aka miƙa masa da hannu. Harawar bara ta ƙare, dusa ta yi wuya. Sa yana tsaye a tsakiyar ɗanyar ciyawa yana kallonta, yana goga baki a turke, haƙarƙarinsa na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Garba ya ga in leda ba ta kashe shi ba yunwa za ta kashe shi.

Ranar Litinin ya wuni yana tsinta har ya tabbata ko ƙyallin leda babu a rabonsa. Talata da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya je ya kwance takunkumin. Matarsa Kamila ta biyo shi da ruwan dusa a bokiti, ta tsaya tana kallo.

"Malam, yau fa Talata."

"Na sani."

"To ka bar masa abin nan har ka dawo mana."

"Yau ba abin da zai faɗo. Jirgin zan shiga da kaina. Duk wanda ke buɗe ƙofar nan, sai ya fara turo ni kafin ya turo shara."

"In ka ce haka. Amma da ka bar shi, me zai ragu?"

"Cikinsa zai ragu. Ki dube shi, Kamila, dubi ƙugunsa. Ya ci ya ƙoshi yau, na gama magana."

Ta rataye takunkumin a kan turke. Shekara ashirin da biyar na aure sun koya mata inda maganarsa ke ƙarewa.

Ya hau acaɓa ya zagaya ta titi har wata ƙaramar tasha ta ɓangaren Kano, ya yanki tikiti, jirgi ya iso wajen azahar ya shiga taragon farko.

Rabonsa da shiga jirgi tun yana saurayi, lokacin da sai ka ɗage wando kafin ka taka ƙasan tarago. Yau kuwa ƙasa fes, har ƙamshin maganin wanki take yi. Kowane lungu da shuɗin kwandon roba mai murfi, tsawonsa ya kai ƙugun mutum. Wani zai ji daɗi, amma shi Garba ransa ya ƙara ɓaci, don ya san inda tsabtar nan take ƙarewa.

Ya zauna kusa da ƙofa. Wata mata mai jiki na fuskantarsa, ta jibge damin buhuna a ƙarƙashin kujera tana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Ta ce sunanta Hajo, Nguru za ta sarin kifi banda, gobe ta juyo.

"Malam, lafiya kake harara kwandon nan tun ɗazu? Ko naka ne aka sace?"

"Hajiya, kin san inda ake kai abin da ke ciki?"

"Ina ruwana? Ni dai an ce in zuba, na zuba. Da can ɓawon gyaɗa muke zama a kai, yanzu dubi."

Mai shara ya shigo, wani siririn mutum mai kimanin shekara arba'in, da koriyar riga, ana kiransa Safiyanu. Mai ƙwazo ne, ba ƙarya. Ya share ƙarƙashin kujeru, ya tsince robobin lemo, ya goge inda wani yaro ya zubar da kunu. Wani Alhaji ya ɗaga hannu zai wurga ledar fiya wata ta taga, Safiyanu ya tare shi da murmushi.

"Haba Alhaji, ai yanzu an waye. Ka ɓata wa mutanen ƙauye gonaki? Ga kwando."

Garba ya ji kamar ya tashi ya shaƙe shi, amma ya daure.

Can sai ƙasa ta fara canjawa a taga. Gero da dawa suka ƙare, ruwa ya bayyana dama da hagu, kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta yi duhu iya ganinka, ga dabbobi a ɗaɗɗaure a gangaren tudu. Jirgi ya yi kuka ya fara rage gudu. Safiyanu ya jingine tsintsiya, ya jawo kwanduna biyu cike taf zuwa bakin ƙofa, ya zare sakata ya buɗe.

Garba ya miƙe, ya tsallake kwandunan, ya zauna daram a bakin ƙofar, bayansa a jikin ƙarfe ɗaya, ƙafafunsa a tokare da ɗayan.

"Malam, matsa, za ka faɗi."

"Ba zan faɗi ba. Ina za ka da wannan?"

"Zubarwa zan yi mana."

"A ina?"

"A ruwa. Akwai kwalbati nan gaba, kogi ne, yana tafiya da ita. Shi ya sa ma na zaɓi wurin, ba na son zuba wa kowa a gona."

Garba ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai daga ina kake?"

"Kano, Kurna."

"Shi ya sa. Ka saba da kwata, ka zuba ta wuce gidan maƙwabci. Leƙa ka gani. Ruwan nan ka ga yana motsi? Kachala ta toshe hanyarsa shekara da shekaru. Yadda ya zo haka yake kwanciya har rana ta shanye shi. Kuma rabin abin da kake zubarwa ko ruwan ba ya kaiwa, a kan ciyawata yake sauka. Sa ɗaya ka kashe mini, na huɗa. Ɗayan yana can a ɗaure."

Safiyanu ya saki kwandon. "Wallahi Malam ban sani ba. Wallahi ni a zatona..."

"Me ke faruwa a nan?"

Wani mai jiki a murje ne ya ratso mutane, da kati rataye a wuya da babbar waya a hannu. Zainulabideen ke nan, wakilin ɗan kwangila a jirgin, ma'aikata na ce masa Oga.

"Safiyanu, me kake jira? Saura minti nawa mu shiga tasha? Baba, tashi daga nan, ba a zama a ƙofa."

"Ni ba babanka ba ne. Da ni na haife ka da ka san abin da sa yake ci."

Aka kwashe da dariya a taragon. Zainulabideen ya haɗe rai.

"Ka ga, bari in yi maka bayani, tunda ba ka san aiki ba. Da zarar mun tsaya a babbar tasha nake ɗaukar hoto in tura ofis. Ƙasa fes, kwando wayam. In kwando ya iso a cike, ofis za su ce mai shara bai yi aikinsa ba. Ka san mutum nawa ke layi suna jiran tsintsiyar nan? So kake a kori bawan Allah?"

"To ku sauke a tasha mana."

"Babu juji a tasha, kuma ba ya cikin aikin da aka ba mu. Mu tarago aka ce mu tsabtace."

"Wato ofishinku ya ci hoton kwando, sana ya ci abin da ke ciki."

"Kai Malam, ka bar mutane su yi aikinsu," in ji Alhajin nan mai fiya wata. "Sai da aka samu jirgi ya yi kyau za ka kawo mana ƙauyanci."

Hajo ta watsar da ɓawon gyaɗar hannunta a kwando ta juyo. "Alhaji, da kai aka hana ka jefa ƙwaya ɗaya, ka yi shiru. Yanzu za a jefa kwando biyu kana cewa aiki. Ashe mu wahalar banza muke, muna tashi muna zuwa kwando kamar 'yan makaranta. Malam, zauna abinka, in sun taɓa ka ni ce shaida."

Zainulabideen ya ce, "Safiyanu, ɗaga ka zuba ta kansa."

Safiyanu ya dubi kwando, ya dubi Garba, ya sa hannuwansa a baya. "Oga, ni dai ba zan zuba wa dattijo shara a ka ba."

Ƙarar ƙafafun jirgi ta canja, sun hau kwalbati. Garba ya leƙa, ga Farin can ƙasa, ya ɗago kai da ciyawa a baki yana kallon jirgi. Turken farko ya wuce, na biyu ya wuce. Rabonsa ya ƙare, ko tsinke bai faɗa ba. Garba ya yi dariya, irin wadda rabonsa da ita tun kafin Baƙin ya kwanta.

"To Oga, sai ka ɗauki hoton."

Zainulabideen bai ko ɓata rai ba. Ya sa wayarsa a aljihu. "Kai a tunaninka tarago ɗaya ne a jirgin nan?"

Daga kwalbati layin yana ɗan lanƙwasa, don haka wanda ke ƙofar gaba yana hango jelar jirgi. Garba ya waiga. Ƙofar tarago na uku a buɗe take, wani mai koriyar riga ya kifa kwando. Kafin ya rufe baki ta huɗu ma ta buɗe. Shara ta gangara tudu, fara da baƙa, ta tsaya taku uku daga turken Farin. Ya ga san ya miƙa wuya, ya ja igiya.

Jirgi ya fara ɗaukar gudu. Hajo ta yi ihu, Safiyanu ya kai hannu zai riƙe rigarsa, amma Garba ya riga ya saki ƙarfen.

Ƙafarsa ta taɓa tsakuwa ta zame, ya mirgina gangare, bai tsaya ba sai cikin ruwa, kachala ta yanke shi a kunci da hannu. Ya tashi ba hula, takalmi ɗaya, ƙugunsa kamar an sa taɓarya an doka. Haka ya bi gefen layi da gudu yana ɗingishi yana daka wa sa tsawa tun daga nesa. Sa kuwa ko a jikinsa. Ya tura hanci cikin tulin, harshe na naɗowa.

Garba ya damƙi igiyar hancinsa ya ɗaga kan sama, ya cusa hannu ta gefen baki har wuyan hannu. Turamen haƙori suka murje masa yatsu biyu, bai saki ba. Ya jawo wata doguwar baƙar leda mai jan mai, ya koma ya jawo ta fiya wata. Ya koma na uku, ba komai sai yawu. Maƙogwaron Farin ya motsa sau ɗaya.

Kamila ta iso da gudu, don daga bakin gari ta hango faɗuwarsa. Ta dubi jinin kuncinsa, ta dubi rigar Juma'a da ta zama taɓo. Ta ciro takunkumin daga kan turke ta miƙa masa.

"Nawa ya haɗiye?"

"Ban sani ba."

Ya ɗaura takunkumin da yatsun da suka rage masa lafiya. Ya daɗe a tsaye yana huci. Sannan ya ce, "Je ki kwaso mini buhunan taki, duk wanda ke gidan."

"Ƙonawa za ka yi?"

"Ba tawa ba ce da zan ƙona. Masu ita zan mayar wa."

Har la'asar sakaliya suna cusawa, ta yau da wadda ya tara a baya a gindin kwalbati. Buhu goma sha ɗaya suka cika, wasu na ɗigar ruwa.

Washegari da hantsi jirgin zai dawo daga Nguru. Da sassafe Garba ya loda buhunan a amalanke. To amalanken na shanu biyu ne, karkiyarsa baki biyu gare ta. Ya ɗaura Farin a dama. Hagu, wurin Baƙin, ya naɗe tsumma ya ɗora a kafaɗarsa ya shiga. Haka suka bi hanyar gefen layi, sa da mai sa, ƙafar amalanke na nutsewa a laka suna fizgowa. Masu dabbobi a gangare suka miƙe suna kallo. Wani ya ce, "Garba, an samu sabon sa ke nan? Nawa ne shekarunsa?" Ya ci gaba da ja. Waɗanda suka ce masa sai haƙuri ne, ba shi da abin gaya musu.

A tasha ya ja amalanken har kan dandamali, daidai inda ƙofar taragon farko ke tsayawa, ya kwance bakin buhunan ya zazzage ɗaya bayan ɗaya. Wari ya tashi, masu tallar ƙosai suka kwashe farantansu suka matsa. Filibus ya fito daga ofis da tutocinsa a hammata, ya tsaya ya kalli tulin, ya kalli kafaɗar Garba da karkiya ta saɓule wa fata.

"Masta, in za ka hana ni, hana ni yanzu."

"Ni tabarauna na bari a ciki, Malam Garba. Ban ga komai ba tukuna."

Jirgi ya shigo ya tsaya. Ƙofa ta buɗe, Zainulabideen na gaba da waya a hannu, ƙafarsa ta tsaya a iska. Fasinjan da ke bayansa suka fara turo shi suna tambayar me ya hana sauka. Tagogi suka cika da kawuna, matasa suka fiddo wayoyi suna ɗauka.

"Wane ɗan iska ne ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Garba. "Kayanku kuka yar a hanya jiya, na kawo muku. Ka duba ko akwai abin da ya ɓata. Leda ɗaya ko biyu tana cikin sana, wannan sai dai ku yi haƙuri."

Muryar Hajo ta fito ta taga, daga tsakanin kwalayen kifi. "Oga, ɗauki hoton mana! Ko cajin ya ƙare?"

Zainulabideen ya tsallako, takalminsa ya nutse a famfas. "Masta, kana gani? A kira 'yan sanda. Wannan ɓata kayan gwamnati ne."

Filibus ya sa tabaransa a hankali. "Yanzu na gani. Kira su, ga waya a hannunka. Amma kafin su zo ka sani, ba na ɗaga koriyar tuta alhali shara na zube a bakin layi. Sharar tarago kuma kai ka sha gaya mini taku ce, ba tawa ba."

"Jirgin zai makara!"

"Zai makara. In an tambaye ni dalili kuma zan faɗa, da sunan wanda ya jawo."

Direba ya danna ƙaho. Fasinja suka fara zage-zage, wannan karon ba Garba ake zagi ba. Zainulabideen ya juya ya daka wa masu shara tsawa. Safiyanu ya riga ya sauko da tsintsiya, sauran biyun suka biyo shi, suka shiga mayar da sharar cikin buhunan takin Garba.

"A kai ina?" in ji ɗayansu.

"Taragon kaya akwai wuri," in ji Filibus. "Ku ɗaure bakinsu ku kai Kano, can akwai motar shara. Da ma abin da na rubuta muku ke nan tun farkon damina." Ya juya ga Zainulabideen. "Kuma daga Juma'a ni ma zan riƙa shiga ina duba kwandunan nan. Jirgi ya taso tun daga Kano da mutane cike, kwando ya iso nan wayam, sai ka gaya mini inda aka kai abin da ke ciki. Wanda na samu a cike ba ruwana da shi."

"Ofis ba za su yarda da hoton kwando a cike ba."

"Sai ka juye a buhu, ka ɗauki kwandon, ka ɗauki buhun. Hoto biyu ke nan, su ƙara maka girma."

Safiyanu ya zo wucewa da buhu a ka, ya rage murya. "Malam, ka yafe mini na san nan naka da ya mutu. Wallahi da na sani."

"Yafiya ba ta jan garma," in ji Garba. "Amma jiya ba ka zuba mini a ka ba. Na gani."

Aka share dandamali, Filibus ya ɗaga tuta, jirgi ya tafi. Ya dawo wurin Garba yana murmushi.

"To Malam Garba, ka huce?"

"In huce da me? Sai da na faɗo daga jirgi, na ja amalanke da wuyana, sannan aka gano buhu yana shiga taragon kaya. Wa zai shiga ɗaya bakin karkiyar nan in ruwa ya janye? Kai ko Oga?"

Garba ya gyara tsumman kafaɗarsa ya shiga, suka juya gida.

Kwana biyu yana bin bayan Farin yana tona kashinsa da tsinke. Ranar Alhamis ya ga ɗan guntun baƙar leda, bai kai tafin hannu ba. Ko shi ke nan, ko da saura a ciki, ba mai iya gaya masa.

Juma'a ana saukowa daga masallaci ya wuce kwalbati da sandarsa, sa na bayansa da takunkumi. Jirgi ya yi kuka ya rage gudu. Taragon farko ya wuce, ƙofa a rufe, Safiyanu ya leƙo ta taga ya ɗaga tsintsiya. Garba bai ɗaga hannu ba, ƙirga yake yi. Na biyu, na uku, na huɗu, sai taragon kaya. Ya jira har ƙarar ta ɓace, ya taka daga wannan turke zuwa wancan yana duba ciyawa, ya dawo ya sake takawa. Sannan ya kwance wa Farin baki.

Kamila na tsaye da bokiti. "In kai takunkumin nan gida, ko in jefar?"

"Rataye shi a nan," in ji Garba. "Akwai Talata."